Gonar Inno Sa'a ta Ƙarshen Kanal

Inno Sa'a ta haura shekara sittin lokacin da ta shiga ajin matan aure a Islamiyyar Malam Abuzar, a wani ƙauye kusa da Bunkure. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a ƙarshen wata ƙaramar magudana da ta ɓalle daga babban kanal mai kawo ruwan noman rani. Shekara tara rabon da ruwan rani ya kai wurin. Da damina takan shuka dawa, da rani kuwa sai awaki su yi kiwo a ciki.

Wata Asabar da hantsi, a shekarar 2004, Malam yana karantar da tauhidi. Ya ce hankali ya kasa abubuwa uku: wanda dole ne ya kasance, wanda ba zai taɓa kasancewa ba, da wanda zai iya samuwa kuma zai iya rashin samuwa. Wannan na ukun shi ake kira ja'izi.

Inno ta gyara zama ta ce, "Malam, tumatir a gonata da rani, a wanne yake cikin ukun nan?"

Matan suka kwashe da dariya. Malam bai yi ba.

"Ja'izi ne, Inno."

"Amma kowa cewa yake ba zai yiwu ba."

"Abin da aka daɗe ba a gani ba daban, abin da hankali ya kore daban. An taɓa ganin ruwa a can?"

"Da idona na gani."

Washegari ta ɗauki sandarta ta bi magudanar da ƙafa. Ta tarar ciyawar kacalla ta cinye ta, laka ta cika ta har baki. Ta je wajen Maikuɗi, maƙwabcinta na gona, wanda ya daɗe da haƙura da noman rani ya koma sayar da rake.

"Inno, ki hutar da kanki. Masu ƙarfi ma sun gwada."

"Sun gwada, ko sun zauna sun ce sun gwada?"

Ya sosa ƙeya. Da safe ya zo da shebur, ya ce don kada a ce ya ƙi ta. Ranar Alhamis, da yake babu karatu, sai ga Malam Abuzar ya naɗe wando, da lauje a hannu. Kafin mako ya zagayo sun zama mutum goma sha ɗaya. Inno ba ta iya haƙa, sai ta riƙa jan kacallar da aka yanke tana tarawa a gefe, hannayenta duk sun tsattsage.

Da aka sako ruwa, ya taho har rabin hanya ya tsaya. Inno ta dubi busasshen ɓangaren ta ce, "Malam, ruwan da bai iso nan ba, yana ina yanzu?"

"Yana cikin sanin Allah, Inno. Idan Ya so, sai ya samu."

"To mu kuma mene ne namu?"

"Mu sababi ne."

"Ashe sai mu ci gaba."

Maikuɗi ne ya gano cewa bututun da ruwan ke bi ta ƙarƙashin hanyar shanu ya toshe. Kwana biyu suka yi suna zungura shi da gora. A rana ta uku, bayan la'asar, ruwa ya fito baƙi ƙirin, sannan ya washe, ya gangara har cikin kunyoyin Inno. Ta tsuguna ta sa hannu a ciki.

Dashen tumatirin ya yi latti, zafi ya kashe kusan rabinsa. Abin da ya tsira ya ba ta kwando goma sha huɗu. Ta aika wa duk wanda ya shiga lakar nan da nasa. Da rani ya sake zagayowa, gonaki shida ne suka yi kore a ƙarshen magudanar, Maikuɗi kuma ya sa albasa a tasa.