Hannun Kaka Bai Kai Kunne Ba

Ranar da masu zane-zanen garinmu suka buɗe ɗakunan aikinsu don jama'a su zaga su gani, ni aka ɗauka in riƙa kai baƙi da babur ɗina mai ƙafa uku. Kaka ta ji labari ta ce sai ta bi ni, wai tunda ta aure ni ban taɓa fita da ita ko bakin titi ba. Haka take tsokanata tun ina rarrafe. Na ce to amarya, hau.

A wurin mai sassaƙa ta ce turminta ya fi kyau. A wurin wani da ke ƙera tsuntsaye da tsofaffin cokula, ta tambaye shi ko matarsa ta sani. Daga nan muka nufi zango na ƙarshe, tsohuwar makarantar da ke bayan kasuwa, wadda aka daina karatu a cikinta tun kafin a haife ni. Ginin dutse ne mai dogayen tagogi, ƙararrawarsa na nan rataye a jikin bishiya. Yanzu kowane aji ya zama ɗakin mai zane.

Baƙi suka shige, Kaka kuwa ta tsaya cak a gindin matakala. Na zaci gwiwa ce, na miƙa mata hannu. Ta ce ba gwiwa ba ce.

Ashe a nan aka taɓa jera su, tana 'yar ƙarama, ranar ɗaukar sababbin ɗalibai. A lokacin ba a tambayar shekaru. Yaro zai ɗora hannunsa ta saman kai, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen ya isa shiga aji. Ta miƙe kamar sanda, ta ɗora hannu, saura kaɗan. Malam ya ce ta dawo baɗi. Kafin baɗi mahaifiyarta ta kwanta ciwo, raino da girki suka dawo kanta. Shekara sittin da wani abu ke nan tana wuce ƙofar nan in za ta kasuwa, ba ta taɓa taka matakalar ba.

Na ce mata ai yanzu ko akuya ta ga dama sai ta shiga. Ta ce ita ba akuya ba ce, an ce sai hannu ya kai. Ta ajiye jakarta, ta ɗaga hannu. Kafaɗar da kullum nake shafa mata man zafi ta ƙi. Yatsun suka tsaya a tsakiyar ɗankwali, sun ma fi na da nisa da kunnen. Ta yi dariya, amma na ga ta soma neman jakar da ido, alamar mu koma gida.

Akwai wani dattijo mai tabarau a bakin ƙofa, tsohon ɗalibin makarantar, shi ke yi wa baƙi bayanin ginin. Duk abin nan a kan idonsa, ya kuma ji labarin da ta ba ni. Ya sauko a hankali, ya gaishe ta, sannan ya rage murya kamar malamin yana bayan taga.

"Baba, a tsaye kika miƙe ranar?"

"To da a kwance?"

"Ai nan kika yi kuskure. Duk wanda kika ga ya shiga, karkata kai ya yi. Ni har kafaɗa na ɗaga. Yayyenmu ne suke koya mana a hanya."

Kaka ta ce ita ce babba a gidansu, wa zai koya mata? Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe duk ilimin garin nan da karkataccen wuya aka samo shi.

Ta sake ɗaga hannu. Ta karkata kai, ta ƙara karkatawa, har ɗankwalin ya zame. Ɗan yatsanta na tsakiya ya shafi saman kunne. Dattijo ya gyara tabarau ya duba da kyau, ya ce ya kai, ta wuce aji ɗaya, ƙofar farko a dama.

Na tallafe ta muka hau matakala uku. A aji ɗaya wata mai zane ta shimfiɗa doguwar takarda, kowane baƙo yana tsoma tafin hannu a fenti ya manna. An bar tsohon allo a bango da benci guda na da. Kaka ba ta kula takardar ba tukuna. Ta zauna a bencin, ta ɗora hannaye a cinya, ta fuskanci allo.

Na ce baƙi suna jirana a waje.

"Je ka kai su, maigida," in ji ta. "In an tashi ka dawo ka ɗauke ni."