Kwaɗon Magagi

Magagi mai maganin dabbobi ya daɗe yana bin kasuwannin Kurfai a kan babur, kwalin magani a baya, rawani a fuska. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya sayar da babur ɗin, ya haɗa da bijimin da ya yi kiwo, ya nufi Yamai. Ya dawo Filinge da wata 'yar mota wadda a zamanin ƙuruciyarta fara ce. Ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta ciki, in kuma za ta tashi sai ta yi tsalle biyu tukuna.

Tsallen nan ne Adamu ya gani. Adamu taubashinsa ne, ɗan Gwaggo A'isa ƙanwar mahaifin Magagi, kuma tun suna yara ba ya ganin Magagi ya ƙyale shi. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Barka da arziki, bawana. Amma wagga ai kwaɗo ce. A wane tabki ka kamo ta?"

Kafin la'asar sunan ya bi unguwa.

Magagi bai damu ba. Abin da ya fara yi wa motar shi ne kwalliya. Ya sa tela ya ɗinka wa kujeru riguna masu ruwan zuma, ya sayo oda mai kuka kamar ta babbar mota, ya rataya casbi a madubi. Dijatu matarsa ta tsaya bakin zaure tana kallo, ta ce, "Malam, amarya ta yi kyau. Saura mu ga tahiyarta."

Tafiyar kuwa ita ce matsalar. A cikin gari Kwaɗo ba ta da laifi, amma da ta kama hanyar Sanam, injin ya yi zafi, sai ta fara tari, ta yi shiru a tsakiyar gonakin hatsi. Magagi ya fito ya ɗaga kapo, wato murfin injin, ya zuba wa ƙarafa ido kamar zai gane wani daga cikinsu. In ta huta sai ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Wata rana wani Bafulatani da ke sayen maganin tsutsa a wurinsa ya same shi a haka, ya tausaya masa, ya ɗaure motar a bayan amalankensa. Haka aka shigo da Magagi kasuwar Sanam, shanu a gaba, shi yana riƙe da sitiyari, Bafulatanin yana ta yi masa sannu.

Shawara kuwa ya sha ta. Wani ya ce batir ne, wani ya ce kambun baka, Adamu ya ce kwaɗo ba ta son nisa da ruwa. Daga ƙarshe Magagi ya kai ta garejin Yazid, a bayan tasha. Yazid mutum ne marar yawan magana. Ya kwance matatar mai ya zazzage ta a tafin hannu, sai ga yashi da tsatsa, albarkar man kwalba da motar ta sha a hannun masu ita na da. Ya wanke tanki da karburato, ya sa buji, wato fulogi, sababbi, ya toshe inda radiyato ke yoyo. Da ya ce tayoyin gaba ma sun gama aiki, Magagi ya ɗan yi jim, don ransa na kan wata rediyo da ya gani a kanti, amma ya haƙura ya sayi taya.

Kwaɗo ta warke sarai. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, ta je Sanam ta dawo ko tari babu. A nan ne Magagi ya gane cewa mota marar lafiya ta mai ita ce shi kaɗai, mai lafiya kuwa ta unguwa ce.

Tun da safe za a yi sallama. Wannan za a kai matarsa awo, wancan buhun hatsinsa ne ya maƙale a gona, ga masu zuwa suna, ga masu zuwa gaisuwar rasuwa a wani ƙauye da ko amalanke sai da dabara yake shiga. Magagi kuwa bai iya cewa a'a ba, haka Allah ya yi shi. Kwalin maganinsa ya koma zama a zaure, makiyaya suna nemansa a kasuwa ba sa ganinsa.

Sai ya yi wata dabara. Kullum da ya dawo daga masallaci zai ɗaga kapo, ya tokare shi da sanda, ya ajiye sifana da tsumma mai baƙin mai a kai. Duk wanda ya shigo da buƙata, da ya ga haka sai ya ce, "Ashe jikin ya tashi? Allah shi sawwaƙe," ya juya. In ƙafa ta ɗauke, Magagi ya rufe kapo ya sulale kasuwa. Dijatu ta ce, "Malam, ka ji tsoron ranar da Kwaɗo za ta ji ana yi mata ƙaryar ciwo." Ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, shi bai ce wa kowa komai ba.

Dabarar ta yi aiki har ranar kasuwar Baleyara, da Gwaggo A'isa ta yi sallama da sassafe, tana jaye da wani rago mai ƙaho kamar na gada. Ta yi masa kiwo tun bara, yau take son sayar da shi. Magagi ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya dubi kapo a ɗage, ya yi ajiyar zuciya.

"Gwaggo, kin ga halin da muke ciki."

"Na gani, ɗana. Adamu ya ce mani ciwon nata na sahe ne, da hantsi takan warke. Yi aikinka, ba ni sauri."

Ta ɗaure ragon a jikin bishiyar bedi, Dijatu ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo fura, Gwaggo ta zauna daidai inda take ganin hannuwansa.

Magagi ya rasa yadda zai yi. In ya rufe kapo yanzu ya tayar da mota, asiri ya tonu a gaban ƙanwar ubansa. Ya ga gara ya ɗan taɓa wani abu, a ga ya yi gyara, sannan ya kai ta. Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa nan, ya goge can. Gwaggo ta ce, "Wanga aiki naka ba ya da wuya ashe." Jin haka sai ya zage, ya cire wayoyin buji gaba ɗaya daga kan delko mai raba musu wuta, ya hura kowace, ya goge ta da tsumma kamar yadda ya ga Yazid na yi. Da ya zo mayarwa sai ya ga duk kamarsu ɗaya. Ya yi bisimilla ya cusa kowace inda hannunsa ya kai.

Ya shiga ya murɗa makulli. Kwaɗo ta yi gurnani, ta yi shiru, sai ta saki wata ƙara ta baya kamar bindigar maharba. Ragon ya tsinke igiya ya yi cikin gida, kaji suka watse, Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Dijatu ta shige ɗaki, amma ana jin dariyarta ta taga.

Ya sauya wayoyin, ya sake murɗawa, ta sake harbawa. Zufa ta jiƙa masa riga. Maƙwabta suka taru, Adamu ma ya iso, ya tsaya da hannu a baya yana girgiza kai.

"Bawana, mi ka yi mata? Jiya na gan ta tana gudu awa barewa."

Dole aka kira Yazid a waya, shi kuwa yana Tunfalis wajen wata mota, bai iso ba sai bayan azahar. Ya leƙa injin, ya dubi Magagi, ya sake leƙawa. Bai tambayi wanda ya taɓa ba. Ya mayar da kowace waya gidanta, ya nuna wa Magagi yadda suke bi da bi, ya yanki ƙyalle ya ɗaura wa ta farko don gaba. Mota ta tashi lafiya lau.

Aka kamo rago aka tura shi kujerar baya, Gwaggo ta zauna gaba ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Duk tsawon hanya ragon na hura wa Magagi numfashi a ƙeya, ita kuma tana cewa ya rage gudu, mai jinya ba a wahalar da shi.

Sun isa Baleyara rana ta yi sanyi, manyan dillalan Yamai sun riga sun loda motocinsu sun tafi. Waɗanda suka rage suka taya ragon tayin da Gwaggo ta ce ko kunnensa ba za ta bayar a haka ba. Ta zaga kasuwa, ta sayi kanwa da wata 'yar tunkiya da ta ce ta yi araha, aka haɗa su biyu a baya.

A hanyar dawowa Magagi ya yi ta maza ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ni na ɓata maki kasuwa."

"Ba komi, ɗana, rabon wani ne bai zo ba," in ji ta, tana gyara zama. "Kasuwa mai zuwa sai mu yi sammako. Ka hwaɗa wa motar tun yau, ta san da tahiyar."

Magagi ya ce to, ya sa hannu ya ture bakin tunkiyar daga kafaɗarsa.