Ranar Buɗe Rumbu

Shekara arba'in, ba mai buɗe rumbun gandu a gidan nan na garin Koona sai tsoho Na Allah. Da ruwan shuka ya sauka, ya tara 'ya'yansa, aka ɗaga jinka, aka tallafe shi ya hau tsani. Ya yi bisimilla, ya zura hannu. Ko dami ɗaya bai taɓa ba.

"Ɓarayi!" ya ce.

Babban ɗansa Muddassir ko kai bai sunkuyar ba. "Ba ɓarayi ba ne, Baba. Tun rani muka raba hatsin."

"Ba ku faɗa mani ba?"

"Kana barci lokacin."

Kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Ba wanda ya tuna ya sauko da tsohon daga tsani.