Asibitin da Ta Zaɓa

Tun da matar wani kafinta ta haihu gidan ya yi tsit. Ita da ba ta wanke-wanke sai da waƙa, yanzu sai ta zauna bakin gado ta ƙura wa bango ido, jaririya na tsala kuka a gefenta. Wata biyu ana haka. Kafinta kan bar shago da rana tsaka ya leƙo gida, ko zai dace ya ji muryarta.

Ranar da dangi suka taru a falo, kowa da tasa. Innarta ta ce a ƙara haƙuri da addu'a da maganin gida. Yayanta, direban babbar mota, ya ce sai asibitin babban gari, can likitocin ƙwaƙwalwa suke. Goggo ta goyi bayansa, amma dalilinta daban: a asibitin unguwa 'yar maƙwabta ce ke yanka kati, kafin la'asar zance ya gama gari, ga ƙannen mai jegon ba su yi aure ba. Kafinta kuwa na unguwar yake so, don daga ƙofar shagonsa ana hango rufinsa.

Suna ta ja-in-ja ya zame ya shiga ɗaki, ya durƙusa gabanta ya tambaye ta ina take so a kai ta. Ta ce:

"Inda ba wanda zai ce mini a da ba haka nake ba."

Maganar ta soke shi, don shi ma kullum abin da yake faɗa mata ke nan. Ya fito ya ce wa Yaya ya shirya mota.

Tafiyar awa uku ce. Likitar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ba ta gado, jaririya ta koma hannun Inna. Duk ƙarshen mako kafinta ya rufe shago ya kama hanya, su zauna shi da ita kan benci a baranda.

A zuwa na biyar ta rako shi har bakin ƙofa. Ta tambaya ko yarinyar ta fara zama, ya ce saura kaɗan.

"Ka zo mini da ita," ta ce.

Likita ta ce sai nan da mako uku za a duba batun sallama. A mota ya zauna jikin taga, ya yi ta waiwayen ginin har suka sha kwana.