Katako Ɗaya, Taku Ɗaya

Saura kaɗan Auta ta ce wa direba ya wuce kawai. Har ta buɗe baki, sai 'yarta ta sake bubbuga gilashin tasin da tafin hannu.

"Umma, ga shi can! Wallahi jirgi ne! Direba, tsaya!"

Aku ake ce wa yarinyar a gida, don bakinta ba ya hutawa. Ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa da idonta ba, amma babu gwangwanin madarar da ya tsira daga hannunta. Duk sai ta huda su ta ɗaure da zare, ta wuni tana ja a tsakar gida.

Daga asibiti suke. Mahaifin Auta yana zaune a gaba, hannunsa na hagu kwance a cinya kamar ba nasa ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina taka ƙasa da kansa. Ɗazu likita ya janye Auta gefe ya ce mata ƙafar ta farfaɗo, tsohon ne dai ba ya so. In bai fara takawa nan kusa ba, jijiyoyin za su sandare, daga nan sai zaman keke har ƙarshen rayuwa. Auta ta san dalili. Sau ɗaya ya gwada a ƙofar gida, takunsa gajere kamar na ɗan tsako, maƙwabta suka yi ta jera masa sannu har ya ce a mayar da shi ɗaki. "Ba zan yi tatata a gaban mutane ba," in ji shi, kuma bai sake ba.

Aku ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Angona, ba kai ka ce a nan ka yi aiki ba? Ko ƙarya ka shirga mini don in aure ka?"

"Wa zai auri mai giɓi?" Baba ya faɗa da harshensa mai nauyi, bai juyo ba.

"To in gaskiya ne a tsaya mu gani."

Direba, wanda maƙwabcinsu ne, ya dubi Auta ta madubi. Ita dai ba mai yawan magana ba ce, ko a kasuwa sai ta sayi abu da tsada don kunyar ciniki. Ta ɗaga masa kai kawai, ya gangara gefen titi.

Tashar jirgin ƙasan ta daɗe da mutuwa. Rabin rufinta iska ta kwashe, awaki na kwance a inda matafiya ke jira a da, zanzaro ya yi gida a tagar sayar da tikiti. Can gaba wani tarago ne tsaye shi kaɗai, tsatsa ta cinye shi, ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunsa. Amma layin dogon yana nan, ƙarafa biyu miƙe a kan katakai baƙaƙe, har inda ido ya ƙare.

Yaran unguwa suna wasa a kai. Sun yi jeri, kowa ya kama rigar na gabansa, na farko yana busa wani guntun tiyo. "Kuuu! Cuku-cuku-cuku!" Kafin Auta da direba su gama ɗora Baba a kekensa, Aku ta riga ta maƙale a wutsiyar jerin. Ba a yi nisa ba ta buɗe ƙafa za ta tsallake katako biyu, ta yi tuntuɓe, ta ja na gabanta suka zube tare. Aka fashe da dariya.

"Ke!" Muryar Baba ta fito da ƙarfin da Auta ta daɗe ba ta ji ba. "Ba haka ake taka dogo ba. Katako ɗaya, taku ɗaya. Da muna duba layi da guduma a kafaɗa, mai dogon taku ba ya kai azahar."

Aku ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Daga zaune kowa gwani ne. Zo ka nuna mana, in ka isa."

Auta ta ɗaga hannu za ta tsawatar, sai ta ga Baba ba yarinyar yake kallo ba. Katakan yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Auta, kama ni."

"Baba, ƙarfe ne fa, ga tsakuwa. In ka faɗi..."

"Na ce kama ni."

Ita da direba suka ɗaga shi, suka tsayar da shi a tsakiyar layin. Ya ture hannun direba, ya juyo gare ta. "Ke ma saki. Ba a riƙe mai duba layi."

Ta kasa. In ta sake shi zai iya faɗuwa, in ta riƙe shi zai ce a mayar da shi keke. Tana tsaye tsakanin biyun sai mai busa tiyo ya yi ihu, "Mun samu kan jirgi! Kowa ya koma baya!"

"Umma, ke ce tarago na farko," in ji Aku, ta turo ta ta baya. "Kama rigarsa, haka ake yi."

Auta ta waiga. Wasu mata masu shanya a bakin layi sun tsaya suna kallo, ga kanikawa a gindin bishiya sun ajiye aiki. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, mace da girmanta a wasan yara. Amma ta damƙi rigar Baba daidai ƙugu da hannu biyu, ta ji ƙananan yatsu sun kama bakin mayafinta.

Aka busa tiyo. Baba ya ɗaga ƙafar dama ya sauke a katako na gaba. Ta hagun ta tsaya, ta yi kamar ba za ta zo ba, sannan ta jawo kanta ta sauka a nata. Tazarar katakan daidai da takunsa, kamar an auna. Auta ma dole ta rage nata takun, yaran ma haka. Babu wanda ya fi wani sauri, kuma babu wanda ya ce masa sannu.

"Wannan jirgin namu ba mai ne?" in ji Aku daga baya.

"Kaya ne suka yi masa yawa," Baba ya ce yana haki. "Akwai wata mai giɓi a ciki, bakinta kaɗai buhu ne."

Haka suka tafi har gindin tsohon taragon. Baba ya dafa ƙarfen, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce alhamdu lillahi a hankali. Auta ta juya fuska ta goge ido da gefen mayafi. Ta so ta gode wa yaran nan, sai ta shafa kan mai tiyo kawai. Ya dube ta yana mamaki, ya ruga.

Da suka sauko da Baba daga layin, ƙafarsa ta taɓa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai ya sake ƙamewa. Ya dubi filin da ke tsakaninsa da mota, ya ce a kawo keke. Auta ta kawo.

Washegari da safe ta yafa mayafi ta nufi shagon kafintan bakin titi, wanda kullum take wucewa da kai a ƙasa. Ta yi sallama har sau biyu kafin ya ji ta saboda ƙarar zarto. Ta ce guntayen katako take so masu faɗi, waɗanda za su isa daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida.

Kafinta ya cire fensir daga bayan kunne. "Me za ki gina da su haka, ƙanwata?"

"Layin dogo," in ji ta.