Tukwanen Baba Dodo

Siddiƙu ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma, ya danne gefenta da buta. Baba Dodo ya ɗago kai daga matashi da ƙyar, ya dubi takardar, ya dubi maƙwabcin nasa.

"Sake hwaɗa mini. Yashi za su biya su gani?"

"Yashi, Baba. Da raƙuma."

Gaskiya shi ma Siddiƙu bai gane ba. Akawu ne a wata ma'aikata, kuma tun da kuɗin fetur suka shigo hannun soja ya ga abubuwa iri-iri sun bi ta teburinsa, amma wannan ya fi ƙarfin kansa. Injiniya Abdulwahabu, mai kula da aikin, ya yi masa bayani har sau uku: za a gina masaukin baƙi a bayan gari, can gaba da Ƙofar Kware, ɗakunan ƙasa ba na siminti ba, mutanen wurin su ci arziki, ba za a sare ko reshe ɗaya ba. Sai dai ran Asabar katafila za ta zo share fili, duk inda ba a kafa turke ba za ta bi ta kai.

A filin nan kuwa Dodo ya zuba sauran ƙarfinsa. Tun farin da ya cinye masa gona ya koro shi birni, kullum da hantsi yake kora jakinsa da tuluna biyu. Yakan binne tukunya har wuya, ya cika ta da ruwa, ya rufe bakin da katangar fasasshen tulu, ya ja yashi a kai saboda awaki, sannan ya dasa gawo ko bagaruwa a gefe. Ruwan na tsattsafowa a hankali, tsiron na sha. Da rani tsiron bai fi ɗan yatsa ba, wanda bai sani ba sai ya taka ya wuce. Unguwa ta sha yi masa dariya, har da Siddiƙu, abin da yanzu yake jin kunyarsa.

Ya roƙi tsohon ya nuna masa inda tukwanen suke a takarda. Dodo ya ɗora yatsa yana lalube, ya tsaya a kan hatimin ma'aikata, ya tambaya ko nan ce aduwar, tsohuwar bishiyar da ke filin. Da aka ce masa a'a, sai ya janye hannu.

"Shekara huɗu ina korar yashi, ku kuma kun gayyato mishi baƙi. To ni mi nika yi ke nan?"

Siddiƙu ya naɗe taswirarsa, ya ce zai dawo gobe.

Goben ba ta sami Dodo ba. Bayan azahar a ranar, wato Laraba, Inna Iyatu, matar tsohon, ta leƙo ta katanga ta ce a zo, mai gidan ya cika. Kafin la'asar an kai shi. A wurin zaman makoki mutane na ta cewa Allah ya jiƙansa, Siddiƙu na amsawa da amin, zuciyarsa kuma na can tana lissafin kwana uku. Ya ji haushin kansa, ya kuma ji tsoro. Ran Alhamis ya je filin shi kaɗai da turaku a hammata, ya yi ta zagaye har ƙafa ta yi zafi, tsiro biyu kacal ya gani.

Da safiyar Jumma'a Iyatu ta aiko kiransa. Tana bayan labule, ta ce jakin ya hana kowa sakat da kuka, kuma tukwanen sun yi mako ba ruwa.

"Inna, ai ban san inda suke ba."

"Ni ma ban taɓa zuwa ba, ɗana. Kai dai ka ɗora mishi ruwan, ku tahi."

Ya ɗora, don kada ya musa wa mai takaba. Suna shiga filin jakin ya bar hanya, ya yi 'yar tafiya, ya toge. Siddiƙu ya tsawata masa, ya zunguri ƙugunsa da turke, ko gezau. Cikin fushi ya shuri yashin, sai ƙafarsa ta bugi katanga. Ya durƙusa ya share da hannu. Tukunya ce, a bushe, ga tsiro a gefenta da ganye uku.

Ya zuba ruwa, ya kafa turke. Jakin ya yi gaba da kansa, ya sake tsayawa. Haka suka yi ta yi har turakun suka ƙare, ya koma karya ƙirare yana sokawa.

Rana ta take tsaka jakin ya nufi aduwar, ya tsaya a inuwarta. Siddiƙu ya tona nan, ya tona can, babu tukunya. Sai a jikin saiwa ya ga wani ɗan gurbi da ya lotsa, daidai zaman mutum ɗaya, wurin hutun Dodo ke nan. Jakin ya sunkuyar da kai yana jira. Siddiƙu ya sauke masa tulunan, ya tsaya riƙe da ƙiraren ƙarshe, bai san ko a nan ma ya kamata ya soka shi ba.