Furen Mista Elias

Yuguda na tsugune gaban tukunyar fure yana ɗura mata bokiti na uku tun safe, sai ga Goggo Asta ta yi sallama, daga ƙauyen Kwadon, da ƙullin gyaɗa a ka.

Mista Elias, shugaban ofishinsu, shi ya bar masa amanar furen lokacin da zai tafi kwas Ingila, ya ce in ya dawo za su yi maganar kujerar babban akawu. Wata uku ke nan Yuguda na rage wa iyalinsa ruwan wanka don fure ya sha, a Gomben da famfo sai ya ga dama yake kawowa. Abin da ya samu shi ne ganye ya zube, gindi ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa. Gobe kuma mai fure zai sauka. Tsoro ya hana bawan Allah ko karyawa.

"Goggo, kar ki taɓa! Furen Turawa ne, daga GRA."

Goggo ta duƙa, ta danna gindin da yatsa, ta kwashe da dariya har ƙullin ya faɗo.

"Kayya, Yuguda, boko ya cuce ka. Wannan ai kariya ce! Ba ka ga ƙaton gindin ba? Ga ta can jingim bayan gonar Bappanka, ko akuya ba ta kallonta. Wa ya ce maka tana son ruwa? Ka kashe ta da alheri."

Bai tsaya musu ba. Ya goya Goggo a Besfa sai Kwadon, akawu da lakatayen wuya ya kama fartanya, ya tono wadda ta fi kowacce jan fure, ya kawo ya dasa a tukunyar.

Washegari Mista Elias ya zagaya tukunyar sau biyu, ya cire tabarau.

"Shekara huɗu tana hannuna, ko fure ɗaya ba ta taɓa yi mini ba. Me ka ba ta?"

"Kulawa ce kawai, ranka ya daɗe," in ji Yuguda, yana jin kansa a kujera.

"Ashe hannu gare ka! Ai zunubi ne a bar ka kana buga tafireta."

Ranar Litinin takarda ta fito. Jalo, abokin zamansa a ofis, ya zama babban akawu. Yuguda kuwa an ba shi kula da furannin ofis, tukunya arba'in da biyu, ba wadda ya san sunanta.

Da la'asar aka hango shi a Besfa ya miƙi hanyar Kwadon, zai ɗauko Goggo.